Tsakanin Mai Kyamara da Mai Almakashi

Gabatarwa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A kan wannan magana ce mujallun zamani suka kafa kasuwarsu, domin kuwa mutumin da zai yi gardama da shafi goma na rubutu da wuya ya yi gardama da hoto guda. Da zarar ya ga hoto sai ya sakankance cewa abin ya faru, kuma haka ya faru, tamkar da idonsa ya gani. Abin da yawancin masu karatu ba su lura da shi ba shi ne, kafin hoton nan ya iso gabansu ya bi ta hannun mutum biyu a ƙalla. Na farko shi ne mai ɗaukar hoto, wanda ya je wurin da kyamararsa. Na biyu kuwa bai je ko'ina ba, yana zaune a ofis da almakashi da jan fensir, a yau kuma da kwamfuta, amma shi ne ya zaɓi hoto ɗaya daga cikin ɗari, ya datse gefensa, ya ƙayyade girmansa, ya kuma ajiye shi a inda ya ga dama. Wannan mutum na biyu shi za a kira daraktan fasali a cikin wannan maƙala, watau jami'in da ke da alhakin kamannin mujalla tun daga bango har zuwa shafin ƙarshe.

Manufar maƙalar ita ce ta duba yadda mutanen nan biyu suke aiki tare, musamman a manyan mujallun Amurka inda sana'ar ta yi ƙarfi tun daga shekarun 1930, sa'an nan ta bayyana ra'ayi game da iyakar ikon kowannensu. Ra'ayin kuwa a taƙaice shi ne, hotunan mujalla iri biyu ne. Akwai wanda matsayinsa na maroƙi ne, akwai kuma wanda matsayinsa na shaida ne a gaban alƙali. Daraktan fasali yana da damar sarrafa na farkon yadda ya so, amma ba shi da irin wannan dama a kan na biyun. Duk ɓarnar da aka taɓa yi a wannan sana'a daga cuɗanya biyun ta samo asali.

Yadda Aikin Yake Tafiya

Aikin yakan fara ne tun kafin a taɓa kyamara. Idan edita ya tsai da shawarar labarin da za a buga, daraktan fasali ne zai zauna ya ƙiyasta shafi nawa labarin zai ci, hoto nawa ake bukata, da kuma wanda ya fi dacewa a ba aikin. Masu ɗaukar hoto ba ɗaya suke ba. Wani gwanin fuskokin mutane ne, wani na tufafi, wani kuwa ba ya jin daɗin aiki sai a fagen fama. A manyan mujallu akwai kuma editan hotuna, wanda ke tsakanin su biyun yana kula da yarjejeniya da tace hotuna, amma magana ta ƙarshe a kan fasalin shafi tana wurin darakta da babban edita.

Bayan an dawo daga aiki, a zamanin fim, akan wanke fim ɗin a buga dukan hotunan ƙanana-ƙanana a kan takarda guda, talatin da shida ga kowane fim na ƙaramar kyamara. Sai darakta ya ɗauki madubin ƙara girma ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya kewaye wanda ya so da jan fensir, ya ja layi a inda za a datse. A yau allon kwamfuta ya maye gurbin takardar, amma aikin bai sake ba.

To, a nan ne ya kamata a bambanta aikin talla da aikin labari, domin sharuɗɗansu ba ɗaya ba ne. A aikin talla, akan zana kamannin hoton a takarda tun kafin ranar ɗauka, mai kaya ya gani ya amince. Ranar ɗauka kuma darakta yana tsaye a wurin, yana cewa a ƙara haske a nan, a juya kwalba can. Kuɗin aikin yana da tsoka, ana kuma ƙayyade tsawon lokacin da za a yi amfani da hoton da ƙasashen da za a nuna shi, sai dai da wuya a rubuta sunan mai ɗaukar hoton a jikin tallar. A aikin labari kuwa kuɗin bai taka kara ya karya ba, amma akan sa sunan mai hoton a gefe, kuma sau da yawa shi kaɗai yake zuwa wurin, ba wanda ya san abin da zai tarar. Ke nan a talla an san hoton kafin a ɗauka, a labari kuwa sai an dawo ake saninsa.

Inda Haɗin Kan Ya Yi Albarka

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wanda duk ya ɗauka cewa daraktan fasali ɗan kallo ne mai cin gumin wasu, to ya dubi tarihin Alexey Brodovitch. An haife shi a ƙasar Rasha a 1898, ya yi gudun hijira zuwa Faris, daga nan ya wuce Amurka a 1930 yana koyarwa a birnin Philadelphia. A 1934 editar mujallar Harper's Bazaar, Carmel Snow, ta ɗauke shi aiki, ya kuwa riƙe fasalin mujallar har zuwa 1958. Kafin zuwansa, sau da yawa hoto a mujalla abu ne da ake cusawa cikin ɗan akwati a tsakiyar rubutu. Shi ne ya yi fice wajen barin sarari fari a shafi domin ido ya huta, da shimfiɗa hoto guda ya haɗe shafi biyu, da sa rubutu ya bi lanƙwasar jikin abin da ke cikin hoto. Yakan sa a buga masa hoto ɗaya a girma daban-daban, ya baje su a ƙasa, ya yi ta sauya musu wuri har sai ya ga shafukan suna tafiya kamar kiɗa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Abin da aka fi tunawa da shi game da Brodovitch shi ne ba ya gaya wa mai ɗaukar hoto abin da zai ɗauka. Bukatarsa ɗaya ce, a kawo masa abin da zai ba shi mamaki. Da wannan ne ya raini Richard Avedon, wanda ya shiga mujallar a tsakiyar shekarun 1940 yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Avedon ya fitar da mata masu tallar tufafi daga ɗakin ɗaukar hoto, inda suke tsayawa ƙiƙam kamar gumaka, ya kai su tituna suna tafiya suna dariya. A 1955 ya tsai da wata mai suna Dovima, sanye da baƙar rigar kamfanin Dior, a tsakanin giwaye a wani gidan wasan dabbobi na Faris, hoton da har yau ake koyar da shi a makarantu. Ba domin ya sami daraktan da ya sakar masa mara ba, da wuya irin wannan hoto ya ga shafin mujalla.

A mujallar Vogue kuwa, wadda ke gogayya da Harper's Bazaar, Alexander Liberman ne ya zama daraktan fasali a 1943. A shekarar ya ɗauki wani tsohon ɗalibin Brodovitch mai suna Irving Penn domin ya riƙa ƙirƙiro dabarun bango yana miƙa wa manyan masu ɗaukar hoto na gidan. Da suka ƙi kula shawarwarin yaron, sai Liberman ya ce masa ya ɗauki kyamara ya yi da kansa. Hoton Penn na farko ya fito a bangon Vogue a watan Oktoba na 1943, kuma ya ci gaba da yi wa mujallar aiki fiye da shekara sittin. Daraktan da ya hango gwani a jikin wanda bai san kansa gwani ba ne, ya yi aikin da ya fi datse hoto nesa ba kusa ba.

Amma kada a ɗauka idon darakta ba ya kuskure. A 1946 Harper's Bazaar ta ba Arnold Newman aikin ɗaukar hoton mai tsara kiɗan nan Igor Stravinsky. Newman ya ajiye mutumin a can kusurwa, murfin fiyano ya cinye sauran fili. Mujallar ta ƙi buga hoton, ga shi kuwa a yau yana cikin fitattun hotunan ƙarni na 20.

Hoto Mai Matsayin Maroƙi

Idan maroƙi ya kira ubangidansa giwa ko zaki, babu wanda zai kai shi ƙara gaban alƙali a kan ƙarya, domin kowa a wurin ya san kirari ake yi. Haka hoton talla yake, haka kuma hoton da aka shirya da gangan domin isar da wani ra'ayi. Babu wanda ya ga Dovima a tsakanin giwaye ya zaci a hanya aka gamu da ita haka. Mai kallo ya san an shirya, masu shirin ma sun san ya sani. A irin wannan hoto, darakta yana da cikakken iko, mai kyamara kuwa abokin aiki ne da ke mai da tunani ya zama abin gani.

Babu misalin da ya fi bangon mujallar Esquire na watan Afrilu na 1968. Shekara guda kafin nan, a watan Afrilu na 1967, zakaran damben duniya Muhammad Ali ya ƙi shiga sojan Amurka a lokacin yaƙin Biyetnam, bisa dalilin addininsa. Aka ƙwace kambinsa, aka hana shi dambe, kotu kuma ta yanke masa ɗaurin shekara biyar, hukuncin da Kotun Ƙoli ta soke a 1971. George Lois, wanda asalinsa ɗan kamfanin talla ne da editan Esquire, Harold Hayes, ya ba aikin tsara bango, shi ya kawo shawarar a nuna Ali cikin siffar wani waliyyin Kirista mai suna Sebastian, wanda Rumawa suka ɗaure suka yi ta harbi da kibau saboda addininsa. Ali, da yake Musulmi ne, bai amince nan take ba, sai da ya buga waya ya nemi shawarar shugabannin ƙungiyarsa. Da aka zo ɗauka, kibau shida da aka manna a jikinsa suka riƙa lanƙwashewa saboda nauyi, sai mai ɗaukar hoton, Carl Fischer, da mataimakansa suka ɗaure kowace da siririyar igiyar fatsa da ido ba ya gani, Ali kuwa ya tsaya cik bai motsa ba har aka gama.

Hoton nan shiri ne tun daga sama har ƙasa, amma bai yaudari kowa ba. Babu mai hankalin da ya zaci an harbi Ali da kibiya. Abin da hoton ya faɗa ra'ayi ne, watau ana azabtar da mutumin nan saboda imaninsa, kuma ya faɗe shi a sarari yadda mai karatu zai iya yarda ko ya ƙi.

Sai dai a nan ma akwai wata 'yar matsala ta rabon yabo. Sunan Lois ne ya yi tambari a kan bangunan Esquire, har wani babban gidan adana kayan fasaha na birnin Niyok ya baje kolinsu da sunansa a 2008, alhali Fischer, wanda ya ɗauki da yawa daga cikinsu, ya sha kokawa cewa an danne rawar da ya taka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Adalci shi ne a rubuta sunan mai tunani da sunan mai kyamara kafaɗa da kafaɗa, tun da babu wanda zai iya haifar da hoton shi kaɗai.

Hoto Mai Matsayin Shaida

Shaida kuwa ba maroƙi ba ne. Idan ya tsaya gaban alƙali, abin da ya gani ake so ya faɗa, ba ƙari ba ragi. Magatakardan kotu yana iya gyara masa jimla, ya shirya bayaninsa bi da bi, amma idan ya share sunan mutum ɗaya daga cikin waɗanda shaidan ya ce ya gani, to ya ci amana, ko da kuwa don rubutun ya yi kyau ya yi haka. Matsayin daraktan fasali a kan hoton labari bai wuce na magatakardan nan ba.

Domin a ga nauyin wannan shaida, sai a dubi mujallar Drum, wadda aka kafa a Afirka ta Kudu a 1951, daga baya kuma ta riƙa fitar da bugu na musamman domin Nijeriya da Gana. Wani matashi Bajamushe, Jürgen Schadeberg, shi ne ya riƙe sashen hotunanta da fasalinta, ya kuma horar da baƙaƙen fata irin su Bob Gosani da Peter Magubane. A 1954 wakilin mujallar Henry Nxumalo ya sa aka kama shi da gangan domin ya ga abin da ake yi wa baƙaƙe a kurkukun Johannesburg. Rubutunsa kaɗai da hukuma ta iya ƙaryata shi. Amma Gosani ya hau saman wani bene da ke kallon kurkukun, ya ɗauko hoton fursunoni tsirara ana tilasta musu tsalle a gaban gandirobobi da sunan bincike. Ƙarfin hotunan nan bai dogara ga kyansu ba. Ya dogara ne ga amincewar jama'a cewa ba wanda ya ƙara ko ya rage kome. Da a ce an taɓa kama Drum da gyara hoto sau ɗaya tak, da gwamnatin wariyar launin fata ta sami abin fakewa.

Saboda tsoron almakashin ofis ne masu ɗaukar hoton labari suka daɗe suna neman kare kansu. A 1947 Robert Capa da Henri Cartier-Bresson da George Rodger da David Seymour da wasu abokansu suka kafa ƙungiyar Magnum, domin haƙƙin mallakar hotuna ya zauna a hannun waɗanda suka ɗauka. Cartier-Bresson ma yakan sa a buga hotonsa tare da baƙin layin gefen fim, domin kowa ya ga ba a datse kome ba. W. Eugene Smith kuwa, wanda ya yi kwana 23 yana bin wani likitan ƙauye a jihar Colorado har ya samar wa mujallar Life ɗaya daga cikin shahararrun labaranta na hoto a 1948, ajiye aikinsa ya yi a 1954 saboda bai yarda da yadda aka tsara hotunan da ya ɗauko na Dokta Albert Schweitzer a Lambaréné ta ƙasar Gabon ba.

Amma wanzami ba ya son jarfa. Shi kansa Smith ɗin, a cikin fitaccen hotonsa na Schweitzer, ya ɗauko inuwar wani hannu da ƙotar zarto daga wani fim daban ya haɗa a ɗakin wanki. Wannan ya nuna cewa rigimar ba ta waliyyi da shaiɗan ba ce. Son hoto ya yi kyau jaraba ce da ke kama mai kyamara kamar yadda take kama mai almakashi, don haka ƙa'idar ta hau kan su biyun.

Inda Aka Ƙetare Iyaka

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon mujalla kuwa ya fara tsagewa sosai ne da shigowar kwamfuta. A watan Fabrairu na 1982 mujallar National Geographic ta so ta sa hoton raƙuma a gaban dalar Giza ta ƙasar Masar a bangonta. Mai hoton, Gordon Gahan, a kwance ya ɗauke shi, bango kuwa a tsaye yake. Sai aka yi amfani da na'ura aka matso da dala ɗaya kusa da 'yar'uwarta domin su shiga. Da asiri ya tonu, hujjar da aka bayar ita ce tamkar mai hoton ne ya gusa 'yan taku kaɗan. Amma ai bai gusa ba. Mujallar da mutane ke saye domin su ga duniya yadda take, ta nuna musu duniya yadda ta dace da faɗin takarda. Daga baya ita kanta ta yarda kuskure ne.

Wanda ya fi wannan muni ya faru ne a watan Yuni na 1994, lokacin da aka kama tsohon ɗan wasan nan baƙar fata O. J. Simpson bisa zargin kashe tsohuwar matarsa da wani mutum. Mujallun Time da Newsweek duka sun sa hoton da 'yan sanda suka ɗauke shi a bangonsu a mako ɗaya. Newsweek ta buga shi yadda yake. Time kuwa ta miƙa shi ga wani mai zane, Matt Mahurin, wanda ya ƙara wa fuskar duhu, ya lulluɓe gefenta da inuwa. Da aka jera mujallun biyu a teburin masu sayar da jarida, sai kowa ya ga bambancin. A ƙasar da baƙin fata ya daɗe yana zama hujjar zargi, ƙara wa wanda ake tuhuma baƙi tun kafin a shiga kotu ba ƙaramin abu ba ne. Gaskiya ne Time ta rubuta a ciki da ƙananan haruffa cewa hoto ne haɗe da zane, amma mai wucewa a titi bango yake gani. Sai da babban editanta, James Gaines, ya fito ya ba da haƙuri. Kotu kuma ta wanke Simpson daga tuhumar kisan a 1995.

Har ila yau a watan Yuni na 2010, lokacin malalar mai a Tekun Mekziko, mujallar The Economist ta Ingila ta nuna Shugaba Barack Obama tsaye shi kaɗai a bakin ruwa, kansa a sunkuye. A ainihin hoton, wanda Larry Downing na kamfanin Reuters ya ɗauka, akwai mutum biyu tare da shi, kuma sunkuyawar ta mai sauraron magana ce. Aka datse ɗaya, aka shafe ɗaya da kwamfuta. Wata mataimakiyar edita ta ce an cire matar da ke kusa da shi ne don kada ta rikita mai karatu. To amma sakamakon shi ne, shugaban da ke tattaunawa da jami'ai ya koma shugaban da duniya ta yi wa zafi shi kaɗai. An sa shaida ya faɗi abin da bai gani ba.

Hujjar Masu Kare Darakta

Masu kare daraktan fasali suna da magana, kuma ya kamata a saurare ta. Sukan ce babu hoton da ba datsattse ba ne, domin shi kansa mai kyamara, a lokacin da ya nufi gabas da ita, ya datse yamma da kudu da arewa. Idan an yarda ya zaɓa, me zai hana darakta ya zaɓa? Sukan ƙara da cewa mujalla kaya ce ta sayarwa, bangon da bai ja ido ba kuwa ba zai kai labarin ga kowa ba, kome gaskiyarsa.

Akwai ƙamshin gaskiya a nan, shi ya sa wannan maƙala ba ta ce a ƙwace almakashi daga hannun darakta ba. Zaɓen hoto da rage gefensa da ƙayyade girmansa duk aikinsa ne, kuma sau da yawa shi ya fi mai hoton gani, domin shi bai sha ranar da za ta sa ya ƙallafa rai a kan hoton da ya wahala kafin ya samu ba. Amma akwai bambanci tsakanin zaɓe daga cikin abin da ya faru da ƙirƙiro abin da bai faru ba. Mai kyamara da ya nufi gabas bai ce babu yamma ba. Wanda ya shafe mutum daga tsakiyar hoto kuwa cewa ya yi mutumin ba ya nan. Game da ciniki kuma, abin da mujallar labari ke sayarwa a haƙiƙa shi ne amincewar mai karatu, wadda in ta zube ba ta kwasuwa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya fitar da ƙa'ida mai sauƙi. Tun a ranar da ake ba da aiki, ya wajaba darakta da mai ɗaukar hoto su tsai da magana a kan wane irin hoto ake nema, na shiri ko na shaida, a kuma rubuta haka a cikin yarjejeniya. Idan na shiri ne, a bar darakta ya yi ikonsa, a sa sunayensu duka biyu, a kuma tabbatar shirin ya fito fili yadda ba wanda zai ɗauke shi labari. Idan na shaida ne, kada a ƙara kome a ciki, kada a cire, kada a sauya launi ta yadda ma'ana za ta sauya, kuma kada a datse shi datsewar da za ta juya labari ba tare da an tuntuɓi wanda ya je wurin ba.

Ko ita tallar ma an fara ɗaure ta da sharaɗi. Tun daga watan Oktoba na 2017 dokar Faransa ta wajabta cewa duk hoton tallar da aka rage ko aka ƙara ƙibar jikin mai tallar a cikinsa, sai an rubuta a jikinsa cewa an gyara shi. A ɓangaren labari kuwa, a gasar World Press Photo ta 2015 an kori kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda gyaran da ya wuce ƙa'ida. Yanzu kuma ga na'urori masu ƙirƙiro hoto daga rubutu kawai, har wani Bajamushe mai suna Boris Eldagsen ya ci kyauta a gasar Sony ta 2023 da irin wannan hoto, sa'an nan ya ƙi karɓa domin ya jawo hankalin jama'a. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. A da, gyara hoto aiki ne na gwani da ke cin kwanaki, yau kuwa yaro ma yana yi a wayarsa.

Saboda haka nauyin da ke kan daraktan fasali ƙaruwa ya yi. Ɗaliban harshe da adabi, waɗanda da yawansu gidajen jarida da maɗaba'u za su nufa bayan kammala karatu, sun riga sun koyi rarrabe kirari da tarihi a cikin magana, sai su riƙe wannan ma'auni idan aka ajiye hoto a gabansu. Mai karatu kuma, duk lokacin da ya ɗauki mujalla, ya dace ya duba ɗan ƙaramin rubutun da ke gefen hoto, ya san wanda ya ɗauka, ya kuma tambayi kansa ko maroƙi ne ke magana da shi ko shaida.